Giyar 'Yan Zuhudu a Tulun Baba Ayuba

Wanda ya yi alkawarin tarbata a Greensboro ɗan garinmu ne, tare muka yi firamare, kuma ya tarbe ni, ba zan yi masa sharri ba. Abin da bai faɗa mini a waya ba shi ne, ɗakin da ya ce ya gyara mini ɗakin injin wanki ne. Katifa ce aka cusa tsakanin injin da bango. Duk ranar da matarsa za ta yi wanki sai in naɗe ta in fita baranda in jira. Aikin da ya samo mini kuwa na lodin kwalaye ne a wani ƙaton sito da ke bayan manyan kantunan Wendover Avenue. Shi yake kai ni, shi yake ɗauko ni, kuma shi yake fara ganin albashina kafin ni in gani. Ya ce na mai ne da na masauki da na wahalar da ya sha a kaina.

Na yi sanyi ɗaya da zafi ɗaya a haka. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ba don na fi kowa haƙuri ba, sai don ban san kowa ba, kuma garin ba garin tafiyar ƙasa ba ne. Titi ne shimfiɗe, mota na bin mota, idan ka ga mutum yana takawa a gefe to ko baƙo ne ko kuwa duniya ta juya masa baya. Ni na haɗa duka biyun. Kewar gida kuwa ba ta zo mini ta inda na zata ba. Ban cika tuna fuskoki ba, warin jiƙaƙƙiyar dawa nake tunawa, domin a hannun ƙanwar mahaifiyata na tashi, ita kuwa sana'arta burukutu.

A wani ɗan shagon kayan abincinmu na haɗu da Malam Sani. Bakano ne, direban motar haya, mai gemu ɗan daidai da baki mai kaifi. Ya ji ina juya ledar garin kuka ina mita ni kaɗai da Hausa, sai ya waiwayo.

"Kai kuma daga wane dajin?"

Na faɗa masa sunan garinmu. Ya ce bai taɓa ji ba, amma tunda na san kuka ya yarda ni mutum ne. Kafin mu rabu ya ji labarin injin wanki, ya ce abokin zamansa ya koma wata jiha, akwai ɗaki. Mako na zagayowa na naɗe katifar na jingine ta a bango, na yi wa matar gidan godiya, na fita da jakata.

Sharuɗɗan Malam Sani ba su da yawa: kada naman alade ya shiga firij, kada kwalba ta shiga gidan. Na ce ai ni ba na sha, kuma gaskiya na faɗa, domin wanda ya tashi yana janye mashaya daga ƙofar gida bai cika sha'awar abin ba. Ba a jima ba sai ga shi na sami aiki a wurin dafa giya. Da na gaya masa ya daɗe yana kallona.

"Ishaku, duk faɗin Amurkan nan?"

"Malam, wankin ganga ne kawai. Kuma akwai inshora."

"To. Takalman aikin su tsaya a bakin ƙofa. Kai ka shigo."

Haka muka zauna. Takalmana na waje, tuwona na cikin tukunyarsa.

Wurin aikin ƙarami ne, tsohon garejin gyaran motoci ne aka mayar. Mai shi wani dattijon Bature ne, Martin, dogo, mai ƙarancin magana, wanda idan ya ce maka sannu da safe to ya gama hirar ranar. A samartakarsa ya yi shekaru a gidan 'yan zuhudu a ƙasar Beljiyam, wato mazan nan na cocinmu na Katolika da suke barin aure da dukiya su killace kansu, ba abin da suke yi sai addu'a da aikin hannu. Ni da aka yi wa baftisma tun ina jariri ban taɓa sanin bayin Allahn nan giya suke dafawa ba. Fadanmu na gida, wato limamin cocinmu, kusan kowace Lahadi sai ya taɓo masu burukutu, ƙanwar mahaifiyata tana zaune a bencin baya tana gyara ɗankwali.

Martin bai kai ga ɗaukar alkawarin ƙarshe ba ya fito, ya yi aure, ya biyo matarsa Amurka. Sana'ar kaɗai ya fito da ita. Duk da haka ba ya yarda a kira giyarsa ta 'yan zuhudu. Wata rana wani mai saye ya faɗi haka, sai ya gyara masa.

"Tasu a cikin katangarsu ake dafa ta, su suke tsaye a kanta, ribar ta ciyar da gidan, abin da ya ragu a ba mabukata. Ni ɗan kasuwa ne da na kalli yadda suke yi. Irin tasu nake yi, ba tasu ba."

Farkon aikin bai ba ni mamaki ba. Hatsi ne aka jiƙa ya tsira, aka busar, aka niƙa, aka dafa, sai dai su sha'ir ne mu dawa. Suna ƙara wani fure mai ɗaci da narkakken baƙin sukari. Inda muka rabu shi ne wajen jira. Burukutu cikin mako guda ta nuna, ranar za a sha ta, gobe ta yi tsami, jibi sai a zuba wa aladu. Ta Martin kuwa bayan ta gama tashi a tankin ƙarfe sai a ɗura ta a kwalba da ɗan sukari da yis, a jera a wani ɗaki mai ɗumi ta yi makonni tana sake tashi a cikin kwalbar, daga nan a mayar da ita wuri mai sanyi a ci gaba da jira. Ranar dahuwa ba a kunna rediyo, ba a hira. Ya ce haka ya tarar. Ya kuma ce su 'yan zuhudun wata 'yar tsinkakkiya suke sha da abinci, baƙar mai ƙarfin nan ta sayarwa ce da ranakun idi.

Masu sayenta yawanci mutanen unguwar Irving Park ne, masu manyan gidaje. Su zo a mota mai sheƙi, a zuba musu a wani kofi mai faɗin baki da doguwar ƙafa, su ɗaga shi ga haske, su shinshina, su kurɓa kaɗan su rufe ido. Mutum da girmansa da furfurarsa sai ya shafe awa guda a kan kofi ɗaya kamar mai shan maganin asibiti. Ni dariya abin yake ba ni, ina wanke gangata ina kallonsu. Sau ɗaya na ɗanɗana a kan harshe. Zaƙi ne da ita irin na dabino, ba ta yaƙushin maƙogwaro ko kaɗan. Na san tana da ƙarfi, domin ni nake manna takardar kwalbar, amma sanin ido ne kawai.

A coci na ga Rifkatu. Tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, ƙauyensu na tsallaken rafin garinmu ne, yarenmu ɗaya, al'adarmu ɗaya. Ba zan tsaya ba da labarin yadda abin ya faro ba, irin na kowa ne. Da maganar aure ta taso na ce mu je wurin Fada kawai a sa rana, nan Amurka ce. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ni ba kayan oda ba ce da za a ajiye maka a bakin ƙofa. Ubana yana raye."

A wurinmu neman aure da tulu ake yi. Mai nema ya kawo tulu cike da burukutu har wuya, ya fara kurɓa ɗaya don a ga ba cuta a ciki, daga nan ba ya ƙara taɓawa. Dangin yarinya maza su ne za su sha. Ba a cewa an ba ka, ba a cewa an hana ka. Idan suka tashi tulun ba komai, ka sami mata. Idan suka tashi da saura, ko da cikin ludayi ne, to ka ɗauki hularka, kuma ba a sake kawo tulu na biyu a kan yarinya ɗaya. Kakanninmu sun yi haka ne don kada a kunyata kowa da baki.

Mahaifinta, Baba Ayuba, manomi ne, gajere, kakkaura. Ya zo ziyara wurin ƙanensa Kawu Markus, wanda ya daɗe a Amurka yana da gida a unguwar Sedgefield, bayan filin golf. Ranar da na je gaishe shi na durƙusa, ya amsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa aka fito da wani ƙunshi na zannuwa. Tulu ne na garinmu, baƙi, da ƙwarya biyu a cikinsa. A kan cinyarsa ya riƙo shi tun daga gida, ya yi ta rigima da ma'aikatan jirgi a kansa.

"Ga shi," in ji shi. "Ka san abin da ake yi da shi. Kwanakina a ƙasar nan ba su da yawa."

Na ɗauki tulu, sai neman abin zubawa. Martin ya ba ni wani lungu a wurin aiki in gwada da kaina. Dawar da na samo a shagon abincin dabbobi ta ƙi tsira, ta yi ta ruɓewa a buhu. Na sake gwadawa da wata, ta tsira, amma abin da ya fito daga tukunyar ko ni ban iya tsayawa kusa da shi ba. A nan na gane cewa duk zamana a gidan burukutu itace kawai nake ɗaukowa, aikin na mata ne, ban taɓa tsayawa na ga hannunsu ba. Daga nan wani ya ba ni lambar wani mutum a wani gari, aka ce yana yi wa 'yan ƙasarmu a ɓoye. Na biya, ya aiko jarka biyu. Rifkatu ta buɗe ɗaya ta shinshina.

"Kunu ne ya lalace. An ci kuɗinka."

Na kira lambar, ba ta shiga ba, har yau kuma ba ta shiga ba.

Martin yana ganin duk wannan. Ana saura 'yan kwanaki a kai tulun sai ya kira ni ɗakin sanyi, ya nuna mini wasu kwalaye a can ƙurya, masu ƙura. Baƙar ce, mafi ƙarfinsu, tun kafin a ɗauke ni aiki take kwance a wurin.

"Don irin wannan ranar ake ajiye ta," in ji shi. "Kyauta ce. Amma Ishaku, kofi ɗaya kowa. A hankali."

Na yi ta godiya, domin tun da na zo ƙasar ba wanda ya taɓa ba ni abu mai daraja haka. Na ce to. Ban yi masa bayanin tulu ba. A raina na ce, dattijon da yake shan ƙwarya bayan ƙwarya ranar gayya ya koma ya ɗauki garma, giyar da ake shinshinawa ce za ta kayar da shi? Ban da haka, tulun da ba a cika ba zagi ne. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, a gida dangin yarinya sukan cika inuwar mangwaro, su yi ta miƙa wa juna ƙwarya har rana ta karkata. A Greensboro dangin Rifkatu maza biyu ne, dukansu da furfura.

Ranar Asabar da rana aka yi, a bayan gidan Kawu Markus, kan ciyawar da aka aske. Malam Sani ne ya tsaya mini a matsayin uba, don ba ni da wanda ya fi shi. Ya ce tulun ba zai shiga motarsa ba, don haka Martin ya ajiye mini kwalayen tun da safe. Malam ya ja kujerarsa can gefe ta inda iska ke fitowa, da kwalbar lemonsa. Aka jingine waya a kan tebur aka kira gida ta bidiyo. Ga dattawan ƙauyen a jere, a tsakiyarsu Baba Iliya, wan Baba Ayuba, wanda tun farko ya ce shi bai ga dalilin da za a aurar da 'yarsu a inda ba za su iya zuwa suna ba.

Na yi ta buɗe kwalabe ina juyewa. Kumfa ta taso ta zubo ta gefen tulun, mutanen cikin waya suka yi dariya. Na kurɓi tawa na koma gefe na durƙusa. Baba Ayuba ya cika ƙwarya, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindinta, yadda ake shan burukutu. Ya goge baki.

"Wannan ai lemo ne. Ita ce giyar Turawan?"

Ya sake cikawa. Burukutu tana da kauri da tsami, ita da kanta take cika maka ciki ta ce ka dakata. Wannan ba ta cewa komai. Kawu Markus, da ya san giyar ƙasar, ya sha rabin ƙwarya sai ya tsaya ya kalle ni.

"Ishaku, me ka zuba a nan?"

Na faɗa masa. Ya kalli tulun, ya kalli wansa, ya kalli wayar, ya ga ba halin magana a gaban mutanen gida. Sai ya ci gaba da sha da sauri don ya rage wa wansa, wanda shi ma kuskure ne. Ba a daɗe ba harshensa ya yi nauyi, ya koma yi wa kowa Turanci. Baba Ayuba kuwa ya fara wata waƙar noma, ya yi baiti ɗaya, ya nemi na biyu ya rasa. Na ga gumi ya keto masa. Ƙwaryar ta suɓuce, ya sulale daga kan kujera ya kwanta a kan ciyawa, idanunsa a juye. Ashe yana shan maganin hawan jini, ban sani ba.

Mata suka fito daga kicin da ihu. Rifkatu ta durƙusa tana taɓa wuyansa tana ba da umarni. Ni na tsaya kamar an dasa ni. Malam Sani ne ya ture kujerarsa, ya sunkuci dattijon, ya ce, "Buɗe mini mota, imajansi ba nisa." Suna fita matar Kawu Markus ta ɗauki wayar za ta kashe, sai idon wayar ya leƙa cikin tulun. Ko rabi ba a sha ba. Na ji muryar Baba Iliya sarai.

"An tashi da saura. Magana ta ƙare."

A asibiti aka ce zai tashi, amma sai ya kwana biyu. A barandar asibitin Rifkatu ta zo ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Ka san ƙarfinta?"

"Na sani."

"Kuma ka cika tulun."

Ta juya ta koma ciki. Daga ranar ba ta ƙara ɗaukar wayata ba. A hanyar gida Malam Sani ya buɗe tagogin motar duka, ya ce, "Ka gani ko? Sai da giyar nan ta san yadda ta yi ta shiga motata." Ya ga ban yi dariya ba, da muka isa sai ya ɗumama mini miya.

Ranar Litinin na koma wankin ganga. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa: na kusa kashe mutum, kuma na rasa matar da nake so, duk a yini ɗaya, da hannuna. Da Martin ya ji yadda aka yi bai ce ai na gaya maka ba. Ya tambaye ni girman tulun, na nuna masa da hannu. Ya cire rigar aikinsa ya ce in kai shi asibitin.

Baba Ayuba yana zaune a kan gado da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ransa a ɓace saboda rigar. Ni na yi musu tafinta. Martin ya ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannu.

"Gaya masa giyarsa ba ta yi laifi ba. Ni na raina ta. Amma tambaye shi, waɗanne irin mutane ne suke dafa abu su sa zaƙi a gaba su ɓoye ƙarfi a baya?"

Martin ya yi masa bayanin 'yan zuhudu. Baba ya ce ya san Fada, ya san Sista, amma bai san waɗannan ba. Ya tambayi tsawon lokacin da giyar take ɗauka, da ya ji sai ya girgiza kai.

"Wa yake da wannan lokacin? Idan aka canja wa mutum wurin aiki kafin ta nuna fa?"

"Ba a canja musu," in ji Martin. "Duk wanda ya shiga yakan yi alkawarin zama a gidan nan ɗaya har ya mutu. Maƙabartarsu tana nan bayan wurin dahuwar, ta taga kana hangen inda za a sa ka. Wanda ya san ba inda za shi, jira ba ya yi masa wuya."

"Ko da ba garin ubansa ba ne?"

"Yawancinsu ba garin ubansu ba ne."

"Kai fa?"

"Ni na kasa. Na yi ta kallon tagar, sai na fito."

Baba bai ƙara tambaya ba. Ya juya yana kallon filin ajiye motoci ta gilashi har muka yi sallama.

Bayan an sallame shi da kwana biyu Kawu Markus ya kira ni, ya ce Baba yana nemana da yamma, kuma in zo da Malam. Na tarar an fito da tulun daga gareji an ajiye shi a inda yake ranar, da faranti a bakinsa. Baba ne ya hana a wanke. Giyar ta mutu, ba kumfa, wasu 'yan ƙwari suna shawagi a kanta. Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ba ta kalle ni ba. Aka sake jingine waya, dattawan suka bayyana.

Baba Iliya ya riga kowa. "Ayuba, sannu da jiki. Amma wannan zaman na mene ne? An tashi da saura, kowa ya gani."

"Yaya, wa ya tashi? Ni ban tashi ba, ɗauka ta aka yi. Markus kuwa a kan kujerarsa ya yi barci, matarsa shaida ce. Zaman bai watse ba."

Aka yi 'yar hayaniya a cikin wayar. Wani tsoho a gefe ya ce gaskiya ne, ɗauka ba tashi ba ce. Baba Iliya ya gyara zama.

"To shanye mu gani."

"Likita ya hana ni. Markus ma ba zai ƙara ba."

"Ka ga kenan."

"Akwai dangin da ba ta yi wa illa," in ji Baba Ayuba. "Na ƙasa."

A wurinmu ana zuba wa magabata giya a ƙasa, kuma abin da suka sha an sha. Ko masu zuwa coci ba su bar wannan ba, Fada ya yi faɗan har ya gaji. Amma Baba Iliya ya yi wata 'yar dariya.

"A ƙasar wa? Wa muke da shi kwance a Amurka? Ƙasar da ba ta ci namu ba ba ta karɓar giyarmu. Zubarwa ce kawai za ka yi, zubarwa kuwa ba sha ba ce."

Wannan ma gaskiya ce, kowa ya sani. Baba Ayuba ya kalli ciyawar da ke gabansa. Can bayan shinge wasu Turawa biyu suka wuce a 'yar motar golf. Sai ya juyo gare ni.

"Ishaku. Zan tambaye ka, kada ka ba ni amsar suruki. Kai da yarinyar nan, za ku dawo gida?"

Duk wanda ya yi mini wannan tambayar a waya nakan ce saura kaɗan, in na ɗan tara. Har ni kaina haka nake gaya wa kaina. Na buɗe baki in faɗi hakan, sai na ga yadda yake kallona.

"Za mu riƙa zuwa, Baba."

"Ba ita na tambaya ba."

"Ba na jin za mu dawo."

Ya juya wajen ƙofar kicin. "Rifkatu?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta ce a'a ba.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani. Ya miƙa hannu, Kawu Markus ya taimaka masa suka karkato tulun. Bai tashi daga kujerar ba. Baƙar giyar ta kwararo kan ciyawa, ta taru, ƙasar ta yi ta shanyewa kaɗan-kaɗan.

"Yaya, ka ji da kunnenka," ya ce wa wayar. "Muna da mutane a ƙasar nan. Ba su kwanta ba tukuna, shi ke nan. 'Yata ce za ta kwanta a nan, da 'ya'yanta. Na ba su tasu tun da wuri."

Ya jira har ɗigon ƙarshe ya sauka, ya kife tulun a kan ciyawa, ya bubbuga gindinsa don kowa ya ji ba komai. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe da kansa.

Na sami mata. Na zaci zan ji daɗi, kuma na ji, amma ba shi kaɗai na ji ba. Malam Sani ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya sa albarka. Matar Kawu Markus ta ɗaga murya za ta yi guɗa, sai ta ga Rifkatu ta rufe fuska da gyale tana kuka, ta fasa. Baba Ayuba ya wuce ta gaban 'yarsa zai shiga gida, ya tsaya, bai kalle ta ba.

"Daina kuka," in ji shi. "Ni ne ya kamata in yi, kuma sai na isa gida."